Korona ta tafi, amma ta bar mana ajiya a gadon asibiti

Akwai wata takarda da har yau tana cikin durowata, takardar lab ce ta Baffana ƙanin mahaifinmu, tun ta ƙarshen 2021. Sunayen magunguna ne a jere ta hagu, ta dama kuma harafi ɗai-ɗai, R, R, R, R har ƙasa, guda biyu kacal aka rubuta wa S. Ranar da aka miƙo mana ita ni da Yaya muna tsaye a barandar ɗakin maza muna juya ta kamar wasiƙar da aka rubuto da wani yare, sai da wata nas ta tausaya mana ta ce Malam, R ɗin nan ma'anarsa ƙwayar cutar da ke ƙafar Baffanku ta fi ƙarfin wannan maganin, ko buhu guda za a ɗura masa ba za ta ji ba, S ɗin kuma shi ne wanda har yanzu take shakka. Na bi sunayen masu R ɗin da ido, wallahi kusan duk na san su, don da hannuna na sha ƙirga su ina zuba wa mutane a leda lokacin kulle.

Ni malamin makaranta ne, ba likita ba ba nas ba. A ƙarshen Maris na 2020 da gwamnatin Kaduna ta rufe jiha ruf, har shi Gwamna El-Rufai ya fito ya ce ya kamu, makarantu a kulle, ba Juma'a, kasuwa sai ranar da aka ware, zaman gida ya ishe ni sai na riƙa zuwa kemis ɗin wani abokin Yayana ina taya shi tunda su masu magani an bar su su buɗe. Mutane sun ƙaurace wa asibiti a lokacin, kowa tsoro yake ya je da tari a ce korona ce a ɗauke shi a killace, gobe unguwa ta ɗauka gidan wane an kamu. Toh ina za su nufa in ba kemis ba. Mutum zai shigo ya buɗe WhatsApp ya nuna maka haɗin da aka turo a guruf, wai wani likita ne a Turai ya faɗa, azitromaisin da kulorokwin da bitamin si da zink. Wani ma lafiyarsa ƙalau, cewa zai yi a haɗa masa na mutum shida zai raba wa iyali kafin ta zo. Kuma mun sayar. Ni na sayar. Har yankewa azitromaisin ya riƙa yi, in babu mu ce ga sifro ai duk tafiyar ɗaya ce, mai ƙaramin ƙarfi kuma a yanka masa kafso huɗu na amfikulos ya sha yini ɗaya da rabi, in ya ji dama-dama shikenan an wuce wurin.

Abun da ban tsaya na yi tunaninsa ba, duk da tun a sakandare aka koya mana, korona bairos ce, su kuwa waɗannan kafso da allurai da ake kira antibayotik bakteriya suke kashewa, ba su da abun yi da bairos. Kamar manomi ne tsutsa ta faɗa wa masararsa sai ya ɗauko maganin ciyawa ya yi ta feshi, tsutsar ko a jikinta. Wani babban gwaji da aka yi a asibitocin Ingila ya fito a ƙarshen 2020 ya nuna azitromaisin bai ƙara wa masu korona da ke kwance komai ba, bai rage mutuwa ba bai rage kwanakin jinya ba. Amma fa maganin da aka haɗiya bai tafi a banza ba, ya yi wani aikin da ba a sa shi ba. A hanjin kowannenmu da fatarsa da hancinsa akwai bakteriya bila adadin da ke zaune lafiya da mu, duk sanda ka sha kafso sai ya karkashe masu rauni a cikinsu ya bar masu taurin kai, fili ya zama nasu su yi ta hayayyafa, kuma abun da ya fi ban tsoro suna iya miƙa wa wani jinsin bakteriyar dabarar da suka tsira da ita, kamar yadda ɗalibi ke miƙa wa na kusa da shi satar amsa.

Shi ya sa maganar nan da muke yi wai "jikina ya saba da maganin" kuskure ce babba. Ba jikinka ne ya saba ba, ƙwayar cutar ce ta saba, kuma ƙwayar cuta ba a jikinka kaɗai take zama ba, tana bin hannu tana bin bayan gida tana bin zanin gado. Duk wanda ya kai shekara arba'in ya tuna zamanin da kulorokwin, mai sa ƙaiƙayin nan, yake kwantar da zazzaɓin cizon sauro cikin kwana uku, aka wayi gari ya daina ci har Najeriya ta sauya shi a hukumance a 2005, kuma ya daina ci ne ga kowa da kowa har jaririn da bai taɓa lasarsa ba. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, toh a wannan harkar ba haka ba ne, wani ne ke jan ruwan ya doki wani.

Baffa bai taɓa sayen haɗin korona ba, shi bai ma yarda akwai ta ba, cewa yake ciwon masu hawa jirgi ne. Suga ne da shi shekara da shekaru. Da aka yi kulle ya daina zuwa ganin likitansa na wata-wata, da aka buɗe gari ma bai koma ba don sabon ya riga ya karye. Daminar 2021 wani abu ya soke shi a tafin ƙafa a gona, mai suga kuma ƙafarsa ba ta cika jin zafi ba, ya yi ta yawo da shi. Wani ɗan unguwa da ake ce wa dakta ya zo ya yi masa allurar seftiriyazon kwana uku, aka tsaya da kuɗi ya yanke, bayan sati aka sake kwana biyu, sai da wari ya fara tashi a ɗaki sannan aka yarda aka kai shi asibiti. Ba zan faɗi wane asibiti ba ne kuma ba ƙorafinsu na zo yi ba, sun yi iya yinsu. Sati biyun farko aka wanke ciwon aka yanke ruɓaɓɓen nama, ya fara kyau har ana maganar sallama, kwatsam zazzaɓi ya dawo da ƙarfinsa, ruwan da ke fita daga ciwon ya canza kala. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Nan ne likita ya ce a ɗebi ruwan ciwon a kai lab a shuka a ga wace ƙwaya ce, kwana uku muna jira, sai ga takardar nan. Na ce masa ranka ya daɗe, daga gida ya taho da ita ko a nan ya ɗauka? Ya ce irin wannan mai jerin R galibi 'yar asibiti ce, amma alluran da aka yi ta yi masa a gida ana tsayawa su suka share mata fili. Aka koma wa merofenem, allura sau uku a rana, kuɗin kwana ɗaya ya fi ƙarfin albashina na sati, shanun noman Baffa guda biyu a nan suka tafi. Ƙarshe dai sai da aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Yana nan da ransa alhamdulillahi.

Wani zai ce toh ina ruwan korona da ƙafar mai suga. Da ruwanta mana. Annoba in ta shigo ba masu ita kaɗai take taɓawa ba, asibitin gaba ɗaya take birkitawa, kuma ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani babu inda suke jin daɗi kamar asibitin da ya birkice.

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da bayanan majinyata kusan 450,000 da aka kwantar da korona a ƙasashe 65 daga farkon 2020 zuwa Maris 2023. Kashi 8 cikin 100 ne kawai suke da cutar bakteriya a kan koronar, wato su kaɗai ke buƙatar antibayotik, amma kashi 75 aka bai wa. A yankin Afirka kashi 83. Ka tsaya ka kalli tazarar, 8 da 83. Kuma ni ban ga laifin likitan da ke tsaye a kan mara lafiya ba gaskiya, mutum ne a gabansa yana haki numfashi na neman ɗaukewa, hoton ƙirji na korona da na nimoniyar bakteriya suna iya kama da juna, gwajin da zai raba gardama ko dai babu shi ko sai bayan kwana uku, ga dangi sun zuba masa ido, ga kuma abun da aka karantar da shi cewa a murar 1918, wadda kakanninmu ke kira marisuwa, akasarin waɗanda suka mutu bakteriya ce ta bi bayan murar ta ƙarasa su a huhu. Ko ni ne a wurinsa zan ce a sa allurar dai ko da wani abu. Sai dai ko da wani abu ɗin nan in ka ninka shi sau dubu ɗaruruwa, makaranta ka buɗe wa bakteriya kyauta, kuma da manyan magunguna ake koyar da su, su seftiriyazon da azitromaisin da ya kamata a riƙa taɓawa da lissafi.

Sannan mai korona mai tsanani ba kwana biyu yake yi ya tafi ba, sati biyu uku yana kwance, an saka masa kanula a hannu, robar fitsari, bututun iska a hanci ko a maƙoshi in abun ya kai ga na'urar numfashi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kowace roba a cikin nan tsaga ce da aka yi wa jiki. Ga maganin deksametazon da aka tabbatar a tsakiyar 2020 yana ceton ran masu buƙatar oksijin, gaskiya ne yana ceto, amma yana kwantar da garkuwar jiki kuma yana tada suga. Jiki a buɗe, garkuwa a kwance, antibayotik ya riga ya kashe bakteriyar kirki da za su tare hanya. Wace ƙwaya ce za ta samu wannan ta ƙi zama. In mai gadon ya tashi, ko an sallame shi ko ya riga mu gidan gaskiya, ita tana nan a ƙarfen gadon, a bakin wurin wanke hannu, a jikin na'urar awon jini da ake zagayawa da ita. Akwai wata da ake kira Asinetobakta da ke iya yin makonni a busasshen wuri tana jira. Wanda zai hau gadon gobe ba mai korona ba ne, matar da aka yi wa tiyatar haihuwa ce, ko ɗan acaɓan da ya karye a hanyar Kaduna, ko Baffa.

Abun da ya fi ɗaure min kai shi ne, a shekarar da duniya ta fi kowace shekara wanke hannu, a shekarar cututtukan asibiti suka ƙaru. Kun tuna bokitai masu famfo da sabulu a ƙofar banki da ƙofar makaranta, yanzu wasu zoɓo ake jiƙawa a ciki. Dalilin kuwa a fili yake in ka yi tunani, safar hannu da rigar leda da takunkumi a lokacin annoba ma'aikaci ne yake kare kansa da su, kuma haƙƙinsa ne, amma in kayan sun yi ƙaranci ga marasa lafiya sun ninka ga abokan aiki sun kwanta ko an kwashe su an kai cibiyar killacewa, sai safa ɗaya ta taɓa mutum biyar. Shi ya tsira, su kuma an yi musu rabo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoto a 2022 cewa a shekarar farko ta korona cututtuka masu bijire wa magani da ake ɗauka a asibiti, da mace-macen da suke jawowa, sun ƙaru da aƙalla kashi 15, ita Asinetobaktar da ta fi ƙarfin manyan allurai irin su merofenem da kashi 78 ta ƙaru, alhali kafin nan shekaru suka yi suna rage abun. Amurka fa, inda ba a aika mai jinya ya sayo safar hannu da auduga a bakin get, inda famfon ɗakin marasa lafiya ba ya ƙafewa. In gemun wancan ya kama wuta, mu da namu gemun dama a bushe yake fa? Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce ko ba annoba, cikin majinyata 100 da ke kwance 7 ne ke ɗaukar wata sabuwar cuta a asibiti a ƙasashe masu arziki, a irin namu 15.

Na san amsar da za a ba ni don na sha jin ta a majalisa bayan la'asar, wai ai korona ba ta yi mana komai ba, Turawa ta ci. A lissafin hukuma mutum dubu uku da ɗoriya ta kashe a Najeriya duka, ba a ga gawa a titi kamar yadda aka tsorata mu ba, na yarda. Amma dai kar a manta da Kano a Afrilun 2020 lokacin da masu haƙar kabari suka gaji, ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire da bakinsa ya ce cikin mutum 979 da aka bincika mutuwarsu rabi ko fiye suna da alaƙa da korona. Kuma ko mu bar wannan, maganata ba a kan yawan waɗanda bairos ɗin ya kashe take ba, a kan yawan maganin da tsoronsa ya sa muka sha take, mu da ba mu cika asibiti ba mun cika kemis. Ga shi dama can mu ne a bakin rami, binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce a 2019, kafin korona kenan, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma yankin da abun ya fi muni in aka auna da yawan jama'a shi ne yammacin Afirka, namu. A Najeriya kaɗai an ƙiyasta 64,500 a shekarar. Ka kwatanta da dubu ukun korona. Amma wa ya taɓa jin an ce wane ƙwaya mai bijire wa magani ce ta kashe shi? Sai dai a ce suga ne, ko ciwon ne ya ƙi warkewa, ko jegon ne ya zo da gardama, ko a fara kallon kishiya.

Kuma mu a Arewa annoba ba baƙuwa ba ce da za mu ce sai bayan shekara ɗari. Sanƙarau a 2017, kwalara a 2021, mashaƙo da ya addabi Kano da maƙwabta a 2023, zazzaɓin Lassa kusan duk rani. Kowacce in ta zo gado ya cika a koma tabarma, ma'aikata su gaji. Bambancin shi ne su sanƙarau da mashaƙo da kwalara bakteriya ce, da gaske suke buƙatar maganin, seftiriyazon shi ne na sanƙarau, azitromaisin yana cikin na mashaƙo. Wato harsashin da za mu tari ɓarawon gaske da shi muka yi ta harba wa iska a 2020.

In ɓera da sata daddawa ma da wari, mu masu jinya da masu dubiya muna da namu kason kuma babba ne. A asibitocinmu rabin aikin nas ɗan'uwa ne ke yi, mu ke juya mara lafiya, mu ke zubar da fitsarin roba, mu ke wanke kwano, in na kusa da mu ba shi da kowa a lokacin mu taya shi don neman lada, da hannun nan dai ba wanki. Na yi wannan da kaina sau ba adadi a jinyar Baffa, sai daga baya na zauna ina tunanin me na ɗauka daga wane gado na kai wane. Lokacin dubiya kuwa kamar gidan suna, mutum goma a kan mutum ɗaya, wani ya zauna a bakin gado, wata ta ajiye jariri a kan zanin mara lafiya, kofi ɗaya na zagayawa, in nas ta yi magana a ce ba ta da mutunci. Dubiya sunna ce ba mai musu, amma addinin da ya ce a gaida mara lafiya shi ne ya hana shiga garin da ake annoba, Sayyidina Umar da rundunarsa juyawa suka yi daga hanyar Sham da suka samu labarinta, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni. Mutum biyu su shiga su yi addu'a a tsaye su wanke hannu su fita, ladan bai ragu ba. Sai kuma matsin da muke wa likitoci, in ka kai yaro da mura aka ce a ba shi farasitamol da ruwa ya huta sai ka fito kana cewa wannan likitan bai san aiki ba ko allura bai rubuta ba, ka zarce wurin wanda zai ce maka taifod ne da maleriya ya ɗaura ƙarin ruwa mai launin rawaya. Ba na ma son in shiga maganar masu kiwon kaji da ke zuba antibayotik a ruwan 'yan tsaki tun ranar farko, wannan zance ne na wata rana.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a rufe kemis a huta. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana a ƙauyen da ke bayan Giwa ko Soba da yaro mai nimoniya a hannu ba, inda mai kemis shi ne likita shi ne nas, kuma amoksisilin ɗin da zai bayar shi ne tsakanin yaron da kabari. Yaranmu da yawa rashin maganin ne ke kashe su ba yawansa ba. Haka wanda ke sayen kafso huɗu maimakon ashirin ba jahilci ne kawai ba, aljihu ne, tun da kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara komatsansa daga Najeriya a 2023 kowa ya ga yadda kuɗin Augmentin ya yi tashin gwauron zabi, ka ce wa mai turin baro ya kammala kwana bakwai, da me? Don haka wa'azin "ku daina shan magani barkatai" shi kaɗai ba zai kai mu ko'ina ba.

Inda nake ganin an yi asarar dama shi ne inda kuɗin korona suka tafi. An kafa tantuna, an buɗe cibiyoyin killacewa, an sayo na'urori, an yanka ƙyalle an ɗauki hoto. Abubuwan da za su kare wanda ke kwance a gado na yau da kullum kuwa ba su da kyau a hoto, famfo mai ruwa da sabulu a kowane ɗakin marasa lafiya dare da rana, a Zariya, garin da kowa ya san tarihinsa da 'yan garuwa, isassun masu shara da aka koya musu aikin ake biyan su a kan lokaci, da ɗakin gwajin da zai shuka ƙwaya ya faɗa wa likita wace ce da wane magani take ji. Gwajin nan da aka yi wa Baffa a sati na uku, da a ranar farko aka yi shi, amma ba a cika yi ba saboda daga aljihun majinyaci yake fita, shi kuma in an ba shi zaɓi tsakanin gwaji da allura allura zai ɗauka. Ni a ganina wannan gwajin ya kamata gwamnatin jiha ta ɗauke wa duk wanda aka kwantar, ko ta KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jihar Kaduna, ko ta wace hanya, don ba shi kaɗai yake amfana ba, duk wanda zai hau gadon bayansa ya amfana.

Kuma in akwai garin da bai da uzuri a Arewa Zariya ce. Ga asibitin koyarwa na ABU a Shika, ga tsangayar harhaɗa magunguna da ta likitan dabbobi a Samaru, ga cibiyar tarin fuka da kuturta ta ƙasa a Saye da ta daɗe tana fama da tarin da ke bijire wa magani, ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin Wusasa. Me zai hana duk shekara a tattara sakamakon gwaje-gwajen garin a fitar da takarda ɗaya, takardar R da S ta Zazzau gaba ɗaya, a ce bana ciwon fitsari a garin nan wannan maganin ya daina ci wannan yana ci, a fassara ta da Hausa a manna a kowane ƙaramin asibiti da kowane kemis daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada zuwa cikin birni? Da irin wannan takardar tana manne a bangon kemis ɗin da na zauna, da na ji nauyin cewa sifro da azitromaisin duk tafiyar ɗaya ce. Najeriya tana da kundin shirin yaƙi da wannan matsalar tun 2017, an fitar da na biyu a 2024, a shekarar ma shugabannin duniya suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya za su rage mace-macen da kashi 10 kafin 2030. Madalla. Ni dai a famfon ɗakin maza zan duba in ga ko kundin ya iso.

Satin da ya wuce na je gaida Baffa, yana zaune a zaure kan kujerarsa sandunan a jingine da bango, jikansa ɗan wajen shekara shida na gefe yana jan majina yana tari. Muna cikin gaisawa na ji ya ƙwala wa wani yaro kira ya ciro ɗari biyar daga aljihu, ya ce maza je ka kemis ka ce a ba ka ja da yalo guda huɗu, a fasa masa a koko. Na ce Baffa don Allah a bar shi, mura ce, kwana uku za ta tafi da kanta. Ya kalle ni ya ce kai da ka gama sayar wa duk unguwa yanzu ne za ka hana ɗan'uwanka? Na karɓi kuɗin daga hannun yaron na ce ya sayo lemo.